Kwanan Watan da Rut Ba Ta Gyara Ba

Rut ta zo Haɗejiya a shekarar 1983 tare da mijinta Habila, wanda aka turo ya koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. Su biyun mutanen Zonkwa ne. Kayanta ba su da yawa, tukwane ne da katifa, sai wata tafireta da ta nannaɗe da tsohon zani ta rungume a cinya tun daga Kano, don kada gargadar hanya ta yi mata lahani. A Kafanchan ta koyi bugawa, wurin wata tsohuwar sakatariya mai dukan yatsu da rula.

Ba ta daɗe ba ta samu rumfa a bakin kotu. Nan take zama da ɗan teburinta tana buga wa mutane koke da takardun sayen gona. Manoman shinkafa daga Auyo da masunta daga Kirikasamma su zauna a benci su faɗi abin da ke ransu, ita kuma ta mayar da shi Turancin da alƙali zai karanta. Abin da aka san ta da shi a garin shi ne ba ta goge kuskure. Idan harafi ɗaya ya kauce, sai ta zare takardar ta sake daga farko, ko da mai ita ya ce ba komai. Tana jin daɗin a ce takardar Rut ba ta da tabo, kuma ta saba da jin hakan har ya zame mata kamar suna.

A nan Haɗejiya ta haifi Jumai da Istifanus, aka koma kiranta Maman Jumai. Bakinta ya juye, har idan ta je gida Kirsimeti 'yan'uwanta kan yi mata dariyar ta koma Bahaɗejiya. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, da yawa daga cikin 'yan cocinsu suka nemi canji suka koma Kano ko gida. Habila ya ce shi ɗalibansa na nan, ita kuma ta ce masu kawo mata aiki na nan. Suka zauna.

Bayan 'yan shekaru ta samu aiki a wani ƙaramin ofishi mai ɗaki uku da ke kula da fadama. Wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ke ɗaukar nauyinsa, babban ofishinsu na Kano. Aikinsu auna kogi, da sanar da ƙauyuka idan za a saki ruwa daga madatsun da ke can sama, don mutane su ƙara jingar da ke tare ruwa su kwashe abin da ke ƙasa-ƙasa. Shugaban ofishin Injiniya Ɗahiru ne, mutum mai yawan tafiya da ƙarancin magana. Wanda ke kai labari ƙauyuka kuwa Malam Ari Fannami ne, wanda kakanninsa suka taso daga wajen Tafkin Chadi. Dogo ne, mai son dariya. Yakan hau babur har inda hanya ta ƙare, ya bar shi a gidan bulama, wato mai gari, ya shiga kwale-kwale. Babu ƙauyen da ba a ajiye masa kwanon tuwo. Idan ya dawo ofis da taɓo har gwiwa, yakan ajiye wa Rut ƙullin busasshen kifi a kan tebur ya ce, "Maman Jumai, a kai wa Malam Habila ya samu ƙarfin dukan yara."

A farkon 1998 aka kawo kwamfuta daga Kano, tare da wata ma'aikaciya mai suna Yagana da za ta haɗa ta da layin tarho. Ta nuna wa Rut yadda ake karɓar imel sau ɗaya a rana, da yadda ake ba da amsa. Idan aka danna wurin amsa, kwamfutar kan kwafo saƙon da aka aiko ta sa a ƙasa, sannan da kanta ta rubuta wani layi a kansa da Turanci, mai cewa a rana kaza wane ya rubuta. Injiniya ya ji daɗin wannan. Ya ce daga yau amsar kawai za a riƙa bugawa a takarda, tunda tana ɗauke da saƙon da ranar da aka aiko shi, an huta da ɓarnar takarda biyu.

Yagana ce ta lura da matsalar a ranar da za ta koma. Ta sunkuya kan allon ta ce, "Anti, dubi nan. Wannan na'urar daga Amurka ta zo, su wata suke fara rubutawa kafin rana. Kin ga yau biyu ga Maris, amma ta rubuta uku, sannan biyu. Wanda bai sani ba zai ce uku ga Fabrairu ne."

"To ya za a yi?"

"Akwai inda ake canzawa. Gara ma mu sa ta riƙa rubuta sunan watan da haruffa, kowa ya huta."

Ta buɗe wani akwati a allon, cike da haruffa da alamomin da Rut ba ta taɓa gani a tafireta an jera su haka ba. Tana cikin bayani, wannan alamar rana ce, wannan ta wata, sai aka ɗauke wuta. Janareton ofis ba mai. Direba na ta danna oda a waje domin yana son ya isa Kano da sauran rana. Yagana ta ɗauki jakarta ta ce, "Kin dai ga wurin ko? Idan wuta ta dawo ki ƙarasa. Abu ne mai sauƙi."

Rut ta ce ta gani.

Washegari ta buɗe akwatin ta zauna tana kallonsa. Ba ta tuna wace alama ce ta rana ba. Ta ji tsoron ta taɓa abu ɗaya na'urar ta lalace gaba ɗaya, a ce tsohuwar mai tafireta ta kashe kayan Turawa. Ta rufe. Da Injiniya ya leƙo ya tambaya, "Maman Jumai, an gyara abin nan na kwanan wata?" sai ta ji bakinta ya ce, "An gyara, ranka ya daɗe."

Ta yi niyyar ta kira Yagana a tarho. Amma tarhon na kan teburin Injiniya, kuma kullum ta ɗaga sai ta ga kamar kowa zai ji tana cewa ba ta gane ba. Sai ta samo wata dabara. Duk amsar da za ta aika, sai ta goge lambobin da kwamfutar ta sa, ta buga ranar da sunan watan da kanta. Ba wanda ya ga bambanci. Har Injiniya ya taɓa yaba mata a gaban baƙi, ya ce tunda Maman Jumai ta gyara na'urar ba a ƙara ruɗewa ba. Ta yi murmushi. Haka aka tafi har damina ta yi nisa.

A tsakiyar Agusta an saki ruwa, Malam Ari ya zagaya ya sanar, komai ya wuce lafiya. Ran takwas ga Satumba da safe wani saƙo ya sake zuwa daga injiniyan madatsa, cewa ruwa ya cika fiye da yadda aka zata, za su sake buɗewa nan da mako guda, kuma wannan karon da yawa. Injiniya Ɗahiru na shirin tafiya taro Dutse. Yana tsaye da makullin mota a hannu ya ce wa Rut ta amsa cewa an samu, ta buga ta sa wa Ari a tiren takardunsa, domin Ari na can wajen Kirikasamma sai jibi zai dawo.

Ta danna wurin amsa ke nan sai ga Habila a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba a lokacin makaranta. Idonsa ja. Ya ce an aiko daga Zonkwa, mahaifiyarta ta rasu.

Rut ba ta tuna yadda ta ƙarasa ba. Ta dai san ta rubuta an samu, ta aika, ta buga, ta rubuta sunan Ari a sama da biro, ta jefa a tire. Ba ta kalli layin nan ba. Kafin azahar suna cikin motar Kano.

Malam Ari ya dawo ya tarar da ofis ba kowa sai mai gadi. Tirensa cike da takardu, sababbi da tsofaffi a cakuɗe. Ya ɗauki wannan ya karanta: a ranar 9/8/98 injiniyan madatsa ya rubuta cewa za a saki ruwa nan da mako guda. Tara ga Agusta. Ya ce a ransa ai wannan ruwan Agusta ne, wanda ya riga ya sanar, ya zo ya wuce. Ya sa takardar a fayil, ya tafi duba ma'aunin kogi a wani gefen.

Ruwan ya zo lokacin da aka gama girbin gero, dammuna na jibge a gonaki ana jiran su bushe. A yawancin wurare jinga ta riƙe. Amma a wani ƙauye na ƙasar Auyo da ake kira Zangon Umara, jingar ta riga ta yi rauni tun ruwan Agusta, kuma mutane sun bar gyaranta sai sun gama da gero, tunda Ari bai zo ya ce komai ba. Ta ɓalle. Ba a rasa rai ba, amma geron ƙauyen kusan duka ya tafi, shinkafar da ta fara ciki ta nutse, gidajen da ke gefen fadama suka zube.

Rut ta dawo daga makoki ta tarar da wannan. Tana shiga ofis ta ji muryar Injiniya daga ɗakinsa, shi da ba ya ɗaga murya.

"Ga takarda, ga sunanka a kai! Ka gan ta ko ba ka gan ta ba?"

"Na gan ta," in ji Malam Ari.

"To me ya hana ka tafiya?"

Ta matsa bakin ƙofa. Takardar na hannun Ari. Daga inda take ta hango layin, da lambobinsa yadda kwamfutar ta sa su, babu sunan wata. Ari ya ɗago ya kalle ta, ga ta da baƙin ɗankwali, ta rame. Ya sake kallon takardar. Sannan ya ninke ta biyu ya ce, "Ban karanta da kyau ba, Injiniya. Na ɗauka tsohon saƙo ne. Laifina ne."

Injiniya bai karɓi takardar ya duba ba. Yana da ainihin saƙon a kansa, ya san ranar da ya zo. Ya juya ya ce, "Maman Jumai, sannu da hanya, ya ƙarin haƙuri? Zauna ki buga mini rahoto zuwa Kano."

Ta zauna ta buga. Ita ta buga jimlar da ta ce jami'in da ke kula da ƙauyuka ya samu sanarwa a rubuce amma bai isar ba. Yatsunta ba su yi kuskure ko ɗaya ba.

Ba a kori Malam Ari ba, an dai hana shi fita ƙauyuka, aka mayar da shi kula da sito. Bai daɗe ba ya ajiye aikin da kansa, ya koma gonar tattasai da mahaifinsa ya bari a Kirikasamma. Ranar da zai tafi ya yi sallama da kowa, har da ita, kamar yadda ya saba.

Daga nan Rut ta canza. A taron zumuntar mata ta daina jan waƙa. Habila ya ɗauka mutuwar ce ke cinta, har sai da wata Asabar suna tsinke zogale a tsakar gida ta gaya masa duka. Ya ajiye reshen da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Da mutuwa a kanki, kowa zai iya mantawa."

Ta ce, "Ba mantuwar ba ce, Baban Jumai. Tun Maris na ce an gyara."

Litinin ta shiga wurin Injiniya ta gaya masa. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce rahoto ya riga ya tafi har ƙasar waje, Ari ya riga ya tafi, kuma idan ya sake rubuta wani, abin da zai fito shi ne ofis ɗin gaba ɗaya bai san abin da yake yi ba, shi ma da ya tafi Dutse bai bar saƙon baki ba. "Ki kira yarinyar nan ta gaya miki yadda ake yi," in ji shi. "Yanzu, a gabana."

Ta ɗaga tarhon. Yagana ta karanto mata alamomin ɗaya bayan ɗaya, ta buga su. Kafin shayin Injiniya ya huce an gama. Ta gwada, layin ya fito da rana da sunan wata ɓaro-ɓaro. Ta zauna tana kallonsa, sai ta ji ya fi mata ciwo fiye da komai, ganin ƙanƙantarsa.

Da ruwa ya janye hanya ta buɗe, ta nemi hutun rana ɗaya ta hau motar Kirikasamma. Ta samu Malam Ari a gona yana ban ruwa, ya naɗe wando. Ya yi mamaki, ya shimfiɗa mata buhu a gindin wata giginya. Bayan gaisuwa ta fara magana, ya ɗaga hannu.

"Na sani, Maman Jumai. Tun a ɗakin Injiniya na gane."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ke baƙuwa ce a takarda, ko da kin fi ni sanin garin. Da an sallame ki, ina za ki? Ni ina da wannan." Ya nuna gonar da haɓa. "Kuma ni ma ba a wanke nake ba. Na duba kalanda daga baya, tara ga Agusta Lahadi ce. Wa ke aiko saƙo ran Lahadi? Da na tsaya na yi tunani."

Ta ce ta gaya wa Injiniya, bai yi komai ba. Ari ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Ba aikin ne ke damuna ba. Akwai wata tsohuwa a Zangon Umara, Zainaba. Mijinta ya rasu, jikoki take riƙo. Shekara da shekaru ita ke dafa mini abinci idan na je. Ranar kasuwar Auyo na gan ta, na durƙusa zan gaishe ta, ta kau da kai ta wuce. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba." Sannan ya ƙara, "Ban ce ban ji haushinki ba. Na ji. Har yanzu wani lokacin ina ji."

Mako na gaba Rut ta tafi Zangon Umara ita kaɗai, da buhun gero a bayan ɗan acaɓa. Inda hanya ta yanke aka sa ta a kwale-kwale, ita da ba ta taɓa shiga ba duk zamanta a Haɗejiya, ta riƙe gefensa da hannu biyu har suka tsallaka. Aka nuna mata gidan. Rabin katangar zana ce sabuwa, ɗaki ɗaya ne a tsaye. Zainaba na zaune tana gyaran ƙananan kifi a faranti.

Rut ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga ofishin su Malam Ari take. Fuskar tsohuwar ta ɗaure.

"Inna, na zo ne in gaya miki ba laifinsa ba ne. Nawa ne. Akwai wata na'ura da ke rubuta kwanan wata a kan saƙo. Tana fara sa wata kafin rana, mu kuma rana muke fara sawa. An ce in gyara, ban gyara ba, na ce na gyara. Shi ya sa da ya karanta ya ɗauka saƙon watan jiya ne."

Zainaba ta ci gaba da fiɗar kifinta. Can ta ce, "Na'urar ce ta ce kada ya zo?"

"A'a, Inna. Ta rubuta tara da takwas ne, maimakon takwas da tara."

Tana faɗa ta ji yadda maganar ta fito a wannan tsakar gidan, gaban rumbun da ya rushe. Tsohuwar ta ɗago ta dube ta sosai a karon farko.

"'Yar nan, ni ban san ki ba. Ban san na'urarku ba. Ari na sani. Shi ke zuwa ya ce ruwa na tafe, mu tashi. Wannan karon bai zo ba."

"Saboda ni ne bai zo ba."

"To, kin faɗa, na ji."

Ta karɓi geron, ta sa aka shigar da shi ɗaki, ta yi godiya kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ta ba Rut ruwa a kwanon sha. Da Rut za ta tafi ta tambaya ko za ta iya gaya wa Malam Ari ya zo. Zainaba ta ce hanya ai ba tata ba ce.

Rut ta aika wa Ari da saƙon yadda aka faɗe shi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ba ta taɓa samun labarin ko ya je ba, kuma ba ta iya tambayarsa ba.

A ƙarshen 1999 ƙungiyar ta rufe ofishin. Aka bar wa Rut kwamfutar a matsayin sallama, ta kama shago kusa da tasha tana buga takardu, tana kuma koya wa 'yan mata aikin. Waɗanda suka koya a wurinta sun ce tana da haƙuri da mai jinkiri, da mai yawan tambaya, har da mai ɓata takarda. Abu ɗaya ne ke tayar mata da rai, ta tambayi yarinya ko ta gane, yarinyar ta yi saurin cewa e. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ita ta ce, "To yi in gani."

Malam Ari yakan biyo ta shagon idan ya kawo tattasai kasuwa. Su gaisa, ya tambayi Malam Habila da yara, ta tambayi gona da iyali. Wani lokaci ya zauna ya sha ruwa. Bai ƙara kawo kifi ba.